Tayoyin da Kawu Ya Kawo

Shekara talatin Baba ya yi yana jan tasi a Makka, tsakanin unguwar Ka'akiyya da Harami, kuma a wurinsa gwajin taya bai wuce abu biyu ba: ya ƙwanƙwasa ta da sanda, ya zura yatsa cikin zanenta. In yatsa ya nutse, magana ta ƙare.

Da idonsa ya yi rauni, ni na karɓi ƙaramar bas ɗin da muke kai wa alhazai abinci Arfa. Ba don ransa ya so ba, sai don duk 'ya'yansa mata ne. Ya ce gwaji ne: in shinkafa ta yi latti ko sau ɗaya, makulli ya koma hannun Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda shi ma yake wannan aikin da tasa motar.

A shekarar Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, irin wanda kwalta ke kama takalmi. Saura mako guda Kawu ya zo da tayoyi takwas da ya samo a wani sito, huɗu nasa, huɗu namu. Baƙaƙe wuluk, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Baba ya zura yatsa, ya yi ta sa albarka.

Ni kuwa na tsuguna na duba lambobi huɗun nan na gefen taya, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Mai banshar ɗin unguwarmu, wato shagon gyaran taya, shi ya koya mini. Shekararsu bakwai a ajiye. Na danna robar da ƙarfi, sai ga ƙananan tsage kamar faso.

Na ce, "Baba, waɗannan sun tsufa a kwance. Zafin nan ba zai bar su ba."

Kawu ya tuntsire da dariya. "Ya binti, 'yar nan, yaushe kika fara tuƙi? Jiya-jiya!"

Ni dai ban iya haɗiye magana ba. "Kawu, ka yi haƙuri, wallahi ba zan hau kansu ba. Halas, na gama magana."

Baba ya ce in yi yadda na ga dama, amma in tuna sharaɗinsa. Na tafi banshar aka sa mini 'yan shekarar, masu jure zafi. Kwana uku da ƙyar Baba yake amsa gaisuwata, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ranar Arfa muka fito da hantsi, Kawu a gaba, ni a baya. Mun ci rabin hanya sai na ga baƙar roba tana tashi daga ƙarƙashin motarsa. Tayar baya ce ta ɓare. Allah ya tsare, ya gangara gefe lafiya. Ya duba ɗayar, ita ma ta kumbura, ga safaya guda ɗaya tak.

Na tsaya a bayansa, na fito da sauri. Muka kwashe kwalayen abincinsa muka cusa a motata har kan kujerar gaba, shi ya tsaya jiran taimako. Kafin azahar na sauke nawa da nasa a bakin tantuna, shinkafa na tururi. Gumi ya jiƙa mayafina sharkaf, amma daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Na kira Baba, ashe Kawu ya riga ni. Baba ya ji komai daga bakinsa. Sai ya ce, "Gobe akwai Mina. Ki fita da wuri, direba."