Motar da Ta Cinye Awakina

A shekarar da aka samu mulkin kai maigidana ya shigo Bagudo da mota. Malamin allurar shanu ne, albashinsa bai kai na riƙe mota ba, amma wani ɗan kasuwa daga Dahome ya sayar masa da ita da araha. Ba mu daɗe ba muka gane dalilin arahar. Baƙa ce mai ƙofa huɗu, kujerunta masu laushi. In tana tsaye ba abin da ya kai ta kyau, kuma tsayuwar ce aikin da ta fi iyawa.

Labari ya haye kogin Kwara har Illo, wajen mahaifiyata da muke kira Inna. Lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta aiko wani mai sayar da kifi da saƙo: "A ce wa ɗiyata ta taho cikin motar ga, in gane ta ciki tun idona na gani."

Maigida ya ce da an yi girbi za mu tafi. Kafin a yanke gero lagireto ya fara yoyo. Aka ce a zuba garin taba, muka zuba. Aka ce a liƙe da sabulu, muka liƙe. Ita kuwa ko Bahindi, nan kusa da mu, ba ta kaiwa sai ta tafasa kamar tukunyar dafa wake. Ga shi kayan gyaranta ba a samunsu a ɓangarenmu, sai an ƙetare iyaka wajen wani makanike mutumin Dendi. Hanyar kuma ta Illo take bi, don haka maigida kan biya ya gaishe da Inna. Sau ɗaya ya ce mata zai kawo ni ko a jaki ne, ta ce tun ina yarinya take ganina bisa jaki, ita cikin mota take so.

Ranar aurena Inna ta haɗo ni da awaki, kuma su suka riƙa biyan gyara. Lagireto ya cinye jar akuya. Kuloci ya cinye bunsuru, ya haɗa da 'yar ƙarama. Sifirin ya karye a rami, baƙar akuya ta bi su. Ko sau ɗaya maigida bai buɗe baki ya roƙe ni ba. In na ga ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu, ya zauna yana juya tuwo bai ci ba, sai in kwanto akuya in miƙa masa igiyar. Ya karɓa kansa a ƙasa. Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba, amma tausayinsa ya fi haushin yawa.

Da awaki suka ƙare sai motar ta koyi sabon hali: ba ta tashi sai an tura. Cikin gida take kwana, bayan danga, don haka ni ke turawa kowace safiya. In ɗaure zane, in dafa bayanta da hannu biyu, in kai ta har bakin ƙofa, ta yi tari ta kama. Mutanen gari suna ganin Malam ya fito da motarsa a tsanake, ni kuma ina bayan danga ina haki.

Sai da rani ya zagayo muka samu tafiya. A bakin Kwara 'yan fito suka ɗaure manyan jirage biyu, suka shimfiɗa katako, aka hau da motar. Ina ta salati har muka sauka. Muka shiga Illo yara na binmu da gudu. A ƙofar gidanmu motar ta yi wani irin nishi ta mutu.

Aka fito da Inna riƙe da hannu. Tun daga yadda take taka ƙasa na san mun makara, idon ya rufe. Ta shafa fuskata, sannan ta ce a kai ta wajen motar. Ta bi ta da tafin hannu tun daga fitila har baya.

"Ina jar akuyata?" ta tambaye ni.

"Ita tak kawo ni, Inna."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to a sa ta ciki, a zaga da ita gari. Maigida, da kunyar suruka ta hana shi ɗaga kai, ya zaunar da ita a baya. Ya murza makulli, shiru. Muka tura, ko tari ba ta yi ba. Ya leƙo ta taga ya dube ni, na yi masa alama ya riƙe sitiyari kawai.

Na ɗaure zanena. Ni da ƙannena da matan maƙwabta muka dafa bayanta, kowa ya kame baki. Muka bi ta gefen masallaci, muka zaga ta bakin kasuwa, muka dawo. Ina jin Inna tana amsa gaisuwar mutane ta taga kamar wadda ta saba.

Da muka tsaya na goge zufa, na buɗe mata ƙofa.

"Inna, kin ji yadda take tahiya ba ƙara?"

"Na jiya," in ji ta. Ta lalubo hannuwana biyu, ta juya su, ta daɗe tana shafa kantar da ke tafina. Sannan ta jawo ni kusa yadda maigida ba zai ji ba.

"Mijinki mutumin kirki na, kar ki bari shi san na gane. Amma ke, ni da nis san numfashinki tun ranar da kika faɗo duniya, shi za ya ɓace min don kin koma bayan mota?"

Ta matsa gefe, ta buga kujera da hannu. "Shigo ki zamna. Cewa niy yi in gane ki ciki."

Na shiga na zauna. Ta ɗora hannunta a fuskata, ta bar shi nan, ni kuwa na kasa tsayar da hawaye.