Ranar da Na Sallami Matar Ɗana

Duk abin da tsufa zai kwashe mini, ba zai kwashe ranar da na sallami matar ɗana ba.

Ni ban yi boko ba, da kunne nake karatu. Akwai labarin da ake karanta mana a coci, na wata da mijinta ya rasu, ta ƙi komawa gidansu, ta bi uwar mijin zuwa baƙuwar ƙasa tana kalar hatsi. Muna 'yan mata aka ce mana labarin biyayya ne. Da gwamnati ta dawo da kujerarta Abuja, aka tashe mu daga gonakinmu, sai zumuntar mata ta mayar da shi waƙar baƙunci, muna yi muna kuka. Mace ɗaya, amma kowane zamani da zanin da yake ɗaura mata.

To, a Kurudu muka yada zango. Nan ɗana tilo ya rasu, ya bar ni da matarsa, yarinya ɗanya, 'yar can Binuwai. Iyayenta suka aiko ta koma. Matan coci kuwa suka sa ta gaba da labarin nan: "Ke ma ki zama kamarta mana! Wa zai ɗebo wa tsohuwa ruwa?" Ni dai ban tanka ba, don na san in ta tafi, daga ni sai bango.

Wata safiya tana fere doya, na dube ta, wuya ya zama kamar sillen kara.

Ta ce, "Mama, zan zauna. Kowa ya ce haka labarin ya ce."

Na ce, "Ke fa, me kika ce?"

Sai ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da fere doyar.

Nan na tuna abin da masu ba da labarin suke tsallakewa. Uwar mijin nan matan 'ya'ya biyu gare ta, duk mazansu sun rasu, kuma tsohuwar ce da bakinta ta ce su koma gida. Ɗaya ta koma, ba wanda ya tsine mata. Shekara da shekaru ina sauraro da kunnen yarinyar, ashe na zama tsohuwar.

Na ce, "'Yata, tashi ki haɗa kayanki."

Na ɗauki buhunta a kafaɗa, yadda mutanenmu ke ɗauka, har tasha. Na dawo na tarar da doyar a kwano, rabi a fere. Ni kaɗai na dafa, ni kaɗai na ci, kuma har yau haka nake ci.

Abin da na koya ke nan: in za ka ɗora wa wani labari, fara duba inda kai kake tsaye a cikinsa.