Hannun Birkin da Na Zaɓa wa Yayana

Ko zan manta da komai, ban ga ranar da zan manta da hannun birkin da na saya wa yayana a kasuwar Suki ba. Ɗan abu ne da bai fi tafin hannu ba, amma har yau in na tuna shi sai zama ya gagare ni.

A lokacin yayan nawa gafir ne, wato mai buɗe ƙofofin ruwa a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin ƙauyenmu. Ƙofofin a warwatse suke, ta ƙarshe tana can nesa, kuma kowace da lokacinta. In ya makara, gonar wani ta wuni da ƙishi. Abin hawansa wani tsohon keken tsere ne mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai, irin wanda birki da giya suke haɗe a hannu ɗaya. Da na dama ya karye, sai na yi caraf na ce ya bar mini, ni zan sayo. Ni ne ɗan bokon gidan, mai waya a hannu, mai ganin babu abin da ya shige masa duhu.

Kwana uku na hana kaina sakat. In duba waya, in tambayi wannan, in koma in tambayi wancan. Masu tsada ba namu ba ne, don haka zaɓin ya tsaya kan masu araha guda biyu a shagon wani mai gyaran keke. Duka biyun, in ka tura hannun birkin ciki, giya ta yi sauƙi. Wajen mayar da ita mai nauyi ne suka bambanta: ɗaya yana da ɗan harshe a bayan birkin da ake turawa da manuniya, ɗayan kuma maɓalli ne a gefe da ake dannawa da babban yatsa. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan, na fita, na dawo, har mai shagon ya gaji da ni.

"Ya zol," in ji shi, don haka ake kiran mutum a wajenmu, keke kuma ajala, "ajalar nan taka ce ko ta wani? In ta wani ce, kawo shi ya sa hannu ya gwada."

Na ce ba sai an kai ga haka ba, ai keke keke ne. Na zaɓi mai maɓalli, don kawai ƙarar da yake yi in an danna ta burge ni.

Da aka ɗaura, Yaya ya riƙe kan keken, sannan ya ce, "Tamam. Allah shi saka da alheri." Ni kuwa na yi ta hura hanci.

Ba a yi sati biyu ba ƙorafi ya fara. Masu gonakin ƙarshen tur'a suka ce ruwa ba ya iso musu sai rana ta take, dawarsu ta fara lanƙwashe ganye. Mufattish, wato mai duba aikin ruwa, ya ja masa kunne har sau biyu. Hankalina ya tashi, don da aikin nan yake riƙe da gidansa. Abin kunyar, har na ce wa mahaifiyarmu Yaya ya fara son jiki.

Wata safiya na kasa haƙuri, na ari keken maƙwabci na bi bayansa. Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Ƙafafunsa na ta juyawa kamar na tela a kan keken ɗinki, keken kuwa da ƙyar yake matsawa. Sai ya tsaya, ya dire ƙafa, ya miƙo hannun hagu ya danna maɓallin dama, ya ci gaba. Da ya ci karo da rami ya taɓa birki, sai hannun birkin ya zame ciki, giya ta koma mara nauyi, ya sake tsayawa. Hanyar bakin tur'a duk gargada ce, ba mai sakin hannu ɗaya yana tafe. Kafin ƙofa ta biyu ya tsaya ya fi sau goma.

Na cim masa ina haki. "Haba Yaya! Da babban yatsa ake dannawa, ba sai ka tsaya ba!"

Sai ya miƙo mini hannunsa na dama. Babban yatsan a sandare yake, tun ranar da lauje ya sare shi muna yara wajen yankan dawa. Ba ya lanƙwasuwa, ko riƙon kan keken ba ya yi sosai. Na sani sarai. Kwano ɗaya muka tashi muna ci da hannun nan, amma sabo ya sa na daina ganinsa.

"Don mi ba ka faɗa mini ba?" na tambaye shi.

"Kai ka sha rana ka sawo mini," in ji shi. "In ce maka mi?"

A ranar na koma Suki kamar zan tashi sama, na sayo mai harshen, aka ɗaura kafin la'asar. Ya hau, ya zauna masa daram. Sai dai na makara. A satin nan aka ba wani mai babur aikin.

Na zari takalmi zan tafi wajen mufattish in yi masa bayani. Yaya ya riƙo rigata.

"Ka tafi ka ce mi? Kyautar ƙanena ce ta kore ni? Zauna. Ni na makara, khalas, shi ke nan."

Har yau mutanen ƙauye suna ganin sakacinsa ne, kuma bai taɓa bari na wanke shi ba. Abin yana ci mini rai. Tun daga nan na koyi cewa in zan yi wa mutum alheri, shi zan fara dubawa kafin in dubi kayan. Kuma in ɗan'uwa mai kawaici ya karɓi abu ya yi godiya ya yi shiru, ba na tafiya ina murna. Komawa nake in ga yadda yake fama da shi.