Harshen Baba Ushangi

Kafin rana ta leƙo gonakin inabinmu na yankin Kakheti, Baba Ushangi ya riga ya tuɓe takalmi ya zura tsani a randar wani. Aikinsa ke nan tun ina goye: wanke manyan randunan da muke binnewa a ƙasa, inda inabi ke zama giya. Ya goge da ɓawon itace, ya ɗauraye, ya kamfaci ruwan ƙarshe ya sha. In ruwan ya yi masa wani iri, ciki zai koma, ko mai gida zai mutu da haushi.

Mutumin nan bai yarda da kowa ba. Ka ce masa ka riga ka wanke, ya yi maka kallon ɓarawon kaza. Baƙin da ke zuwa hutu su koyi haɗa giya kuwa, sai ya sansana hannuwansu, wai su da turare ba sa rabuwa. Mu ma ba mu raga masa ba. Cewa muke jan aiki yake yi don ya kai lokacin burodi da cuku.

Bara aka kira shi gidan Tsiala, wadda mijinta ya rasu ya bar mata randa ɗaya tal. In giyar ta lalace, wahalar shekararta ta tafi. An tsinke inabin, rana na dukansa, Tsiala sai kai-komo take. Ya gama wanki, ya sha ruwan, ya sake sha. Muka fara ƙus-ƙus, tsoho zai taɓa halinsa.

"Tsiala, 'yata," in ji shi, "ban ji komai ba. Kuma ba don randar ta wanku ba ne. Ni ne ba na ji."

Ashe tsufa ya cinye masa ɗanɗano. Da ya ce ta wanku, wa ya isa ya musa? Sai ya miƙa kofin ruwan ga wata baƙuwa 'yar hutu, wadda da safe ya kora daga bakin randar. Ta kurɓa, ta ce a kunyace tana jin warin rufaffen ɗaki. Ya koma tsani, gwiwoyi na ƙara. Ya sake wankewa, sai da baƙuwar ta ce ruwa ne zalla ya bari aka zuba inabin. Daga ranar ya ajiye aiki.

Baba Ushangi, mai tsaron randa, kai ne ka zargi gari guda, da aka zo kanka kuma ba ka tsallake ba. Mun gode. Ku masu tasowa, ranar da hannu ko harshe ya gaza, ku faɗa da bakinku kafin a damƙa muku amfanin wani.

Da aka buɗe randar, Tsiala ta kai masa tulun farko. Ya kurɓa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko ta yi daɗi. Muka ce ta yi, Baba. Har yau bai yarda ba.