Ƙasar da Jikata Ta Ƙulla a Leda

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun fita daga kaina, amma lamarin jikata da ƙasar da ta riƙa ƙullawa a leda ba zai fita ba sai ranar da aka rufe ni. Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Sai dai Allah ya ba ni ido, kuma duk yaron da ya zauna a gidana ya san haka.

Yarinyar 'yar ɗana ce na fari, wanda ba na kama sunansa. Shi yana can ƙauye da shanunsa, ni kuwa na daɗe da zama a Tirwun. Da ta samu jami'a a Gubi, aka ce za ta karanta zane da haɗa talla, uban bai so ba. A ganinsa zane wasan yara ne. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin a hannuna za ta zauna. Ya ce, "Inna, ranar da kika ga abin da bai yi miki ba, ki aiko. Zan zo in ɗauke ta, karatun ya ƙare." Na ce na ji.

Har ta kai shekarar ƙarshe ban ga abin aike ba. Sai kwatsam yarinya ta sauya. Ta fita da sassafe, ta dawo da ƙura har gwiwa. Wata rana na shiga ɗakinta ɗauko tsintsiya, na ga wani faffaɗan kwali jingine da bango. An soka masa abubuwa da allura: jar ƙasa a leda, garin kuka a wata ledar, zaren saƙi, gashin jelar saniya, yagaggun takardun gwangwani, da hotunan ƙofofin gidajen mutane. Na ja da baya. A inda na tashi, wanda ke tara ƙasar ƙofar wani da zare da gashi, an san wurin wa zai kai su.

Na ja mata ƙofar, ban aika ƙauye ba. Amma maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya rufuwa, ta gan ta a cikin gari tana durƙushe tana ɗibar ƙasa a gindin wani tsohon bango, kuma kafin in ankara magana ta kai ƙauye. Uban ya kira a waya ya ce ranar Juma'a yana tafe, ta haɗa kayanta. Na ce masa, "Ka zo. Amma ni ba na yanke hukunci da idon wata."

Washegari tana fita na yafa mayafi na tsayar da keke, na ce ya bi wanda ta shiga, a hankali. Mai keken ya waiwayo yana dariya.

"Hajiya, aikin 'yan sanda kika koma?"

"Kai dai kalli hanya," na ce masa.

Kasuwa ta shiga. Na raɓe a bayan mai sayar da tabarmi ina kallo. Ta gaida wani mai shagon kayan masarufi, ya ba ta benci, ta zauna. Ba ta sayi komai ba, ba ta kula kowa ba. Hannayen masu saye kawai take bi da ido, wane gwangwani suke fara ɗauka, wanne suke mayarwa. Har ƙafafuna suka yi tsami tana nan. Daga nan ta nufi rumfar masu nono. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe su da ɗan Fulatancinta na 'yan birni, suka yi ta yi mata dariya, ita ma tana taya su. Na matsa na ji tana tambayarsu yadda mai saye yake gane man shanu mai kyau tun daga nesa, kafin ya shinshina. Ta fito da waya za ta ɗauki hoton ƙwaryar wata dattijuwa, amma sai da ta tambaya. Matar ta girgiza kai. Nan take yarinya ta mayar da wayar cikin jaka, ba roƙo, ba ɓata rai, ta ci gaba da hirarta. Wannan ya tsaya mini a rai. Mai neman cutar da mutane ba ya neman izininsu.

Da ta gama, sai ga ta ta miƙo kai tsaye har bayan tabarmin.

"Kaka, rana ta yi zafi. Zo mu shiga keke ɗaya."

Na haɗe fuska. "Tabarma na zo saye."

"To. Tun daga Tirwun nake ganin mayafinki yana bin tabarmar."

Ban yi dariya ba sai da na juya mata baya.

Juma'a uban ya iso bayan masallaci, ya zauna a tsakar gida ko takalmi bai gama cirewa ba ya ce ina kayanta. Na sa ta fito da kwalin nan gabansa. Ta yi bayani ba tare da ta ɗaga murya ba. Aikinta na ƙarshe shi ne ta zana talla da takardar da za a liƙa a jikin robar man shanu na wasu mata masu haɗa kai suna sayarwa. Na farkon da ta yi, a kwamfuta ta kwaso shi, da wata saniya mai dabbare-dabbare ko tozo babu. Malaminta ya mayar mata, ya ce ta rufe kwamfutar ta je ta kalli garinsu. Ƙasar nan launi take nema a jikinta, haka kukar, haka zaren.

Uban ya ce shi duk wannan bai shiga kansa ba. Ya dube ni. "Inna, ke za ki yanke."

Sai yarinya ta shiga ɗaki ta fito da takarda ɗaya, ta shimfiɗa a gabana. "Kaka, ba zan gaya miki komai ba, kuma rubutun ba ruwanki da shi. In kin ga wannan a jikin roba a shago, me ke ciki?"

Na duba. Ja irin na ƙasarmu, a tsakiya wani dunƙule rawaya-rawaya mai sheƙi, zagaye da shi baƙin zane. Na ce, "Man shanu ne, sabon kaɗi, kuma na matanmu ne." Ban rufe baki ba idona ya tsaya a kan baƙin zanen. Na san shi. Zanen bakin ƙwaryar uwata ne, wadda aka yi mata kayan ɗaki da ita, har da wurin nan da ƙarfen mai zanen ya zame, layin ya karye. Ƙwaryar nan ba a cin abinci a cikinta, ba a ba da aronta, kuma tun yarinyar tana rarrafe na hana kowa taɓa ta.

"Wa ya ba ki izinin sa hannu a kayana?"

"Ban taɓa ba, Kaka. Hoto ma ban ɗauka ba, kin hana. Duk ranar da kika fito da ƙoren su sha iska, ina gefe ina wanke-wanke ina kallo. In na riƙe ɗan yanki a kaina sai in shiga in zana, wani makon in ƙara." Ta sunkuyar da kai. "'Yan ajinmu duk sun miƙa nasu. Ni ban miƙa ba, don ban tambaye ki ba tukuna. In kin ce a'a, zan cire shi."

Na tuna yadda na sha kama ta tana ƙura wa ƙoren ido, ina cewa a raina kwaɗayin gado ne. Ashe aiki take yi. Karatunta na lilo a kan kalma ɗaya daga bakina, amma ta gwammace ta makara da ta ɗauki abin da ba a ba ta ba.

Mu ba ma yabon ɗa a gabansa, ban kuma fara ranar ba. Uban na juya na ce wa, "Ga fura can an dama. Ka sha ka kama hanya tun da rana, shanunka na jira."

"Ita fa?"

"Ita tana da aikin miƙawa."

Ranar da za ta tsaya gaban malamai ta kare aikin, ni da kaina na naɗe ƙwaryar a zane na ɗora a cinya, muka shiga bas zuwa Gubi. Tun da aka kawo ta daga ruga ba ta taɓa ƙetare ƙofar gidana ba sai ranar. Malamai suka zagaye ta suna kallo, wani ya miƙo hannu, jikata ta ce, "Malam, da ido kawai." Na gyara zama.

Na yi rayuwata ina ɗauka ni kaɗai ce mai lura a gidan nan, kuma duk lurata ta neman laifi ce. Yarinyar nan ta nuna mini akwai wata lurar, wadda mutum zai daɗe yana kallon abin mutane har ya gane kyansa, sannan ya tsaya sai an ce masa ɗauka. Har yanzu ina sa ido a kan jikokina, ban fasa ba. Amma in na ga abin da ban gane ba, nakan fara tambayar yaro me yake gani.