Hajiya Tashi-Mu-Je da Tagogin Benen Alhaji

Duk safiya, kafin masu ƙara su gama jeruwa a bencin ofishin sulhu na kotu, Hajiya ta riga ta tura takalmin gayunta ƙarƙashin tebur, ta zura wani tsohon silifas da ya sha tafiya. Mai bene zai shigo da lauyansa, maƙwabcinsa ya shigo da ɓacin ransa, a yi ta kumfar baki kan magudanar ruwa ko katanga ko taga. Sai ta bar su su gaji don kansu, sannan ta rataya jaka ta ce, "To, na ji. Ku tashi mu je." Daga nan sunan ya bi ta. A ƙarshen watan nan Hajiya Tashi-Mu-Je za ta ajiye aiki, don gwiwoyinta sun ce sun hau matattakala iya hawa.

Rigingimun da ta kashe ba sa lissafuwa, amma wadda ake ba da labarinta har gobe ita ce ta wani kafinta da Alhaji mai bene. Alhaji ya tayar da gini hawa huɗu a jikin gidan kafinta, ya zuba 'yan haya, tagogin baya kuma duk suna leƙa tsakar gidan mutane. Matar kafinta ta daina wanki a waje. 'Yan matansa ko banɗaki za su sai sun saka hijabi. Tsohuwarsa, wadda ta saba shan iska a gindin bishiya, ta ƙule a ɗaki cikin zafi tana cewa ita ba talabijin ba ce. Kafinta ya shigar da ƙara a toshe tagogin, Alhaji ya ce da izinin hukuma ya yi gininsa, lauyoyi kuwa suka gyara zama. Da kafinta, bawan Allah, ya ga shari'a ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai ya fara maganar sayar da gidan da aka haife shi, ya bar unguwar. Ana cikin haka alƙali ya tura su wajen Hajiya.

Ranar hutu ta zaɓa, lokacin da 'yan haya ke gida. Ta shiga da Alhaji har tsakar gidan kafinta, ta nuna masa tabarmar tsohuwa.

"Alhaji, bismilla, zauna nan."

"Ranki ya daɗe, ai na san wurin, na gan shi a zanen gini."

"Na sani. Zauna dai."

Ya zauna yana cin magani. Da aka kira la'asar, matar gida ta aiko masa da buta. Ya naɗe hannun riga, ya cire hula zai yi shafar kai, sai ga muryar wata yarinya daga sama: "Umma! Zo ki ga mai gida, ashe kansa babu gashi!" Alhaji ya ɗaga ido, kowace taga da kai a cikinta, wata har da ƙyaƙyata dariya. Ya wawuri hula ya kifa ta a karkace, ruwa na bin wuyansa.

Daga cikin ɗaki tsohuwa ta ce, "Sannu ɗana. Kai fa hula kawai ka cire."

Alhaji bai sake ambaton izinin hukuma ba. Kafinta ya fara murmushin wanda ya yi nasara, sai Hajiya ta juyo. "Malam, kai ma tashi mu je."

Suka kama matattakalar benen, Alhaji na biye da su, Hajiya tana haki tana riƙe ƙarfe, a kowane hawa sai ta tsaya ta yi wa wanda ya ƙirƙiro bene addu'ar shiriya. A can sama suka tarar da wata tela ta kafa kekenta a bakin taga, da goyo a bayanta. Ta gaishe su, ta ce, "Baba, an ce za a toshe mana nan. To da me zan ga ramin allura?" Kafinta ya leƙa ƙasa ya hango gidansa tsirara, ya waiwayo ya dubi ɗakin da ba shi da wata kafar iska. Sai ya fara auna taga da tafin hannunsa.

"Hajiya, in aka jera katako a karkace, bakinsa na kallon sama, haske zai shigo, iska za ta shigo, ido kuwa ba zai sauka ba."

"Wa zai yi aikin?"

Alhaji ya yi caraf ya ce, "Ga kafinta a tsaye, wa kuma za a nemo? Katako na wuyana."

Ba ta bar su da alkawarin baki ba. Sai da suka sa hannu, alƙali ya tabbatar, don kada magada su tayar da maganar wata rana.

Hajiya, ke ce kika ƙi yanke wa kowa magana daga kan kujera. Ke ce mai zaunar da na sama a ƙasa, ki hau da na ƙasa sama, har kowa ya ji kunyar ɗan'uwansa. Mai silifas ɗin sulhu, an yi miki gorin cewa aikinki yawo ne, kin yi dariya kin ci gaba da yawonki. Muna murna da hutunki, amma gaskiya za mu yi kewarki ƙwarai.

Ku kuma da za ku gaji teburinta, benaye sai ƙaruwa suke, kuma kowanne akwai gidan ƙasa a gindinsa. Ku riƙa tashi kuna zuwa. Masu gini, kafin ku huda taga, ku yi sallama a maƙwabta ku zauna a tabarmarsu.

Mun gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwoyin nan lafiya. Alhaji da kafinta sun ce mota ɗaya za su shigo zuwa walimar bankwananki. Tsohuwa kuwa ta ce a ba ki haƙuri, ba za ta samu zuwa ba: ranar jikarta za ta yi mata kitso a tsakar gida, kai a buɗe.