Mwadkon da Kifin Baba Hezekiya

Mwadkon bai taɓa ganin teku ba. Ina zai gan shi? Mutumin da aka haifa a Du, kusa da Jos, ya girma a bakin kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, iyakar tafiyarsa Bauci, ita ma jana'iza ce ta kai shi. Amma in dai maganar kifi ce, duk Tudun Wada an san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Shekara goma sha tara ya yi yana kiwon tarwada a gonar wani mutum, har ya kai in ya leƙa tafki, daga yadda kifi ke ɗago baki yake gane abin da ke damunsa. Maganinsa kuwa bai wuce biyu ba, gishiri da ruwan shuwaka. Ƙuraje ne, gyambo ne, ruɓewar wutsiya ce, sai ya watsa gishiri ya matse shuwaka, kwana uku tarwada ta miƙe. Da aka sayar da gonar aka gina otal a wurin, ya koma gida yana da shekara hamsin da takwas. Matarsa Firisila ce ta jiyo a coci cewa ana neman wanda ya san kifi a wani gida a Rayfield.

Gidan Baba Hezekiya ne, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ya shekara talatin a Fatakwal. Da ya yi ritaya ya dawo Jos, sai ya kafa akwatin gilashi a falo, tsawonsa ya kai gado, ya cika shi da ruwan gishiri da duwatsu masu huji-huji da kifin teku guda shida. Ranar farko Mwadkon ya tsaya ya riƙe baki. Wai waɗannan ma kifi ne? Wani shuɗi kamar an rina shi, wasu ruwan lemo da farar ɗamara, sai wani ruwan ɗorawa mai faɗin tafin hannu. A ransa ya ce ko a miya ba za su yi auki ba.

Tsohon bai iya yi masa bayani ba, don shanyewar ɓarin jiki ta tafi da maganarsa da hannunsa na dama da ƙafa. Matarsa ta rasu, 'yarsa Klaudiya tana aiki a Legas. Ita ce ta nuna wa Mwadkon yadda ake dama gishirin teku na cikin bokiti, da yadda ake tayar da janareto in an ɗauke wuta, don in na'urar ɗumama ruwan ta tsaya, sanyin Jos kaɗai ya isa ya kashe kifin. Sannan ta ja shi gefe.

Ta ce, "Baba Mwadkon, ka ga mahaifina? Ba ya cin abinci sai a gaban gilashin nan. In ka kai shi wani wuri, datse haƙora yake yi. Kifin nan su ne ke riƙe da shi."

Gaskiya ta faɗa. Kullum da hantsi Mwadkon yakan tura keken tsohon zuwa falo, ya zauna a gefensa da kwanon gwate. Idon Baba yana bin mai ruwan ɗorawan nan, in ya ɓuya a bayan dutse ya jira shi, in ya fito sai ya buɗe baki ya karɓi cokali. Haka suka yi shekara biyu, ko kifi ɗaya bai yi ciwon kai ba. Mwadkon har yakan yi wa Firisila alfahari, wai kifi kifi ne, ko daga sama ya faɗo.

Cikin watan Agusta Klaudiya ta aiko da sabon kifi daga Legas a cikin leda, kyautar ranar haihuwar mahaifinta. Mwadkon ya kwance ledar ya juye shi cikin 'yan'uwansa, kamar yadda yake zuba 'ya'yan tarwada a tafki. Bayan mako guda ya ga wasu fararen ɗigo a jikin shuɗin, ƙanana kamar an barbaɗa masa gari. Kifin yana ta goga jiki a dutse. Washegari ɗigon ya hau uku daga cikinsu.

Ko gezau bai yi ba. Ai ya san wannan, ya sha ganin irinsa a jikin tarwada. Ya dai tsaya ya yi tunani, tun da waɗannan a cikin gishiri suke kwana suke tashi, ɗan kaɗan ba zai ji musu ba, sai an ƙara hannu. Ya shiga kicin ya ɗebo gishirin miya kofi huɗu, ya dama ya zuba, ya bi da ruwan shuwaka. Kwana uku, ɗigon ya ɓace ƙaƙaf. Mwadkon ya koma gida yana fito a cikin Keke Napep.

Kash! Ashe ba tafiya cutar ta yi ba. Bayan mako guda ta dawo da dangi. Kowane kifi ya yi fari fat, idanu sun yi hazo, sun taru a sama suna haki. Ya ƙara gishiri. Da safe ya tsamo biyu da raga, ya binne su a gindin gwaiba kafin ya je ɗauko Baba. Ranar tsohon cokali uku ya karɓa, yana ta ƙirga kifin da ido.

Hankalin Mwadkon ya tashi. Ya buga wa Klaudiya, ita kuma ta turo wata likitar dabbobi, Dokta Kubra. Likitar ta tsoma wani abin awo a ruwan, ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, me ka zuba a nan?"

Ya faɗa mata duka, bai rage ba.

Ta ce, "Ga tarwada ka yi daidai, don ƙwaron ruwan daɗi ba ya son gishiri. Wannan kuwa ƙwaron teku ne da sabon kifin ya shigo da shi, gishiri gidansa ne. Rage gishirin ma ake yi a kashe shi. Kifin ne ka wahalar. Da ka ga ɗigon ya ɓace, sauka ya yi cikin yashi ya hayayyafa."

Mwadkon ya nemi hannun kujera ya zauna. Da kyar ya ce, "To, likita, yanzu ya za a yi?"

Ta ce a kwashe duk kifin a sa su a wani mazubi dabam mai sabon ruwa, a riƙa ba su magani mai sinadarin jan ƙarfe, shi ma sai an aiko daga Legas. Akwatin gilashin kuma a bar shi ba kifi ko ɗaya har sati goma sha ɗaya, sai yunwa ta kashe ƙwaron.

Sati goma sha ɗaya! Wa zai gaya wa cikin tsoho ya jira?

Kwana huɗu maganin ya yi a hanya. Kafin ya iso, saura mai ruwan ɗorawan nan kaɗai, a cikin wata baƙar roba a sito, kusa da soket ɗin lantarki. Mwadkon ya ɗiga magani yadda aka ce, ya auna, ya yi addu'a, ya rasa abin da zai ƙara. Baba kuwa an kai shi gaban gilashi, ya dubi duwatsu da kumfa, ya jira, ya jira, ba abin da ya fito. Ya datse haƙora. Kwana biyu ko ruwan kunu bai wuce masa ba.

A rana ta uku Mwadkon ya tura keken har cikin sito, ya matsa shi jikin robar. Sai dai roba ba gilashi ba ce, sai an sunkuya ake ganin cikinta, wuyan Baba kuwa ba ya lanƙwasuwa. Tsohon ya yi ƙoƙari har jijiyar goshinsa ta tashi, ya kasa. Sai ya ɗaga yatsan hannunsa mai lafiya ya nuna robar, ya dubi Mwadkon.

Mwadkon ya durƙusa ya leƙa. Kifin yana kwance a gefe ɗaya a ƙasan robar, launinsa ya koɗe, bakinsa kawai ke motsi.

Ya ce, "Yana iyo, Baba. Ga shi can yana zagayawa."

Ya ɗebo gwate ya kai cokalin bakin tsohon. Baba Hezekiya bai dubi cokalin ba, fuskar Mwadkon yake kallo. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan hannun Mwadkon, ya tura cokalin ƙasa a hankali, ya rufe ido.